Ruwan da ke Ƙarƙashin Gadon Inna

Gyaran fanka ne sana'arsa, shi ya sa duk layin Mai Fanka suke ce masa. Shagonsa ɗan tsukuku ne, fikafikan fanka rataye a bango, ƙasa kuwa tulin wayar jan ƙarfe da yake kwancewa daga injinan da suka ƙone. Amma abin da ya tafi da hankalinsa neman ruwa ne a ƙarƙashin ƙasa. Yana saurayi ya ga wani tsoho mai haƙar rijiya yana zagaya fili da lanƙwasassun wayoyi biyu a hannu, inda suka harɗe ya ce a haƙa nan. Tun daga ranar abin ya shiga ransa, ya lanƙwasa nasa.

Ranar hutu sai ya bi filayen bayan gari, yana taku a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da mai. Masu sabon gini kan roƙe shi ya duba musu. Wani lokaci a haƙa a sami ruwa, wani lokaci a tarar da dutse. Waɗanda aka dace ya manta da su. Waɗanda aka sha wahalar banza kuwa, har yau in ya hango mai gidan sai ya sauya hanya.

A gidansa bai taɓa gwadawa ba. Matarsa ce ta ja, wata safiya, cikin tsokana.

"Malam, ka gama nemo wa duniya ruwa, mu famfonmu sai tari yake. Gwada mana nan mana."

Ya yi dariya, ya zagaya tsakar gida, shiru. Falo ma shiru. Sai ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa don ya gaishe ta, wayoyin na hannunsa. Yana isa bakin gadonta suka juya suka harɗe. Ya ja baya, ya sake matsowa, suka sake harɗewa. Idonsa ya kai kan tsagar da ke bangon, wadda ya daɗe yana gani bai taɓa damuwa da ita ba.

"Inna, da za ki koma falo na ɗan lokaci."

"A kan me?"

"Ina jin akwai ruwa a ƙarƙashin gadonki."

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa. "To ai ka huta da yawon bayan gari. Miƙo guga."

Ba ta motsa ba, shi kuwa kwanciyar hankali ta ƙare masa. A shago ya haɗa wa wani fanka a baibai, ta riƙa juyi da baya, mai ita ya dawo yana masifa. Da an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Tsakar rana zai rufe shago ya garzayo gida, ya sa farce a tsagar nan ya ga ko ta ƙara buɗewa. In ya fasa ɗakin aka tarar babu komai, ya zama abin dariya a gidansa. In ya yi shiru ƙasa ta rufta da tsohuwa, ina zai sa kansa?

Matarsa ta ce, "Kai da bakinka ka ce wayoyin nan suna yin ƙarya wani lokaci."

"Wani lokaci kuma ba sa yi. Ta ina zan gane wanne ne wannan?"

Da Inna ta ga ana mayar da kwanonsa yadda aka kawo, sai ta kira shi.

"Ɗan nan, ɗauki gadon ka kai falo. Ba don ruwanka ba, don wuyanka da ya koma kamar mariƙin lema."

Washegari ya ɗauko mai gyaran famfo. Aka fasa siminti, aka haƙa har rami ya kai ƙugu. Mai Fanka na durƙushe a baki, zufa na ɗiga daga haɓarsa, duk shebur ɗin da aka watso sai ya damƙa ya murza.

Mai famfo ya ce, "Ƙasa ce dai, Malam. Ba ta jiƙe ba, ba ta kuma bushe ƙayau ba."

"To akwai ko babu?"

"Ni bututu na sani, kuma babu bututu a nan. In akwai wani abu can ƙasa, sai dai a kawo inji."

Aka cike ramin, aka shafe da siminti. Inna kuwa ta ce ita da ɗakin nan har abada, don a falo tana ganin mai shiga da mai fita, kowa kuma sai ya tsaya ya gaishe ta. Matarsa ta yi mitar falonta har ta gaji ta haƙura.

Ɗakin ya zama ma'ajin matattun fankoki. Har yanzu Mai Fanka na fita bayan gari ranar hutu, sai dai in wayoyin suka harɗe yakan ce wa mai fili, "Haka suka nuna, amma ka tambayi wani ma." Da ƙanensa ya zo baƙunta ya ce a shimfiɗa masa a ɗakin, Mai Fanka ya hana, ya bar masa nasa gadon.