Rijiyoyi Uku, Zane Ɗaya

A shekarun da nake aikin ƙididdiga a wani furoje, wato shirin tallafa wa manoman lambu, a Matameye aka ɗauki mijin ƙanwata aiki, aka ajiye masa tebur kusa da nawa. Ya dawo ke nan daga wani ɗan horo a Yamai. Takardar shaidar da aka ba shi ya riga ya sa ta a gilashi, ya rataye a bango tun kafin a kawo masa kujera.

Aikinmu shi ne auna zurfin ruwa a rijiyoyin lambu na Kance da Yauri da Dawce, mu fitar da zanen da ke nuna hawa da saukarsa wata-wata. Shef, wato shugabanmu, ya ce a bar wa sabon gwani zanen. Ya hau ordinater, na'urar kwamfuta ke nan, ya rubuta fonksiyo, wato guntun umarni da za a miƙa wa alƙaluman kowane gari ya zana su. Zane uku suka fito, iri ɗaya sak, har ɗan lanƙwasar da ke tsakiya.

Da wani ne, da ya tsorata. Shi kuwa gyara hula ya yi, ya ce ai ruwan ƙarƙashin ƙasa duk ɗaya ne, bai san iyakar gari ba. Mutumin da bai taɓa leƙa rijiyar Dawce ba, inda ake ƙara igiya tun kafin bazara ta yi nisa!

Na ja kujerata na karanta abin da ya rubuta. A bakin fonksiyon ya ce alƙaluman da za a miƙo sunansu “ruwa”. A ciki kuma, wurin zanawa, sai ya kira “zurfi”. Babu mai wannan suna a ciki, don haka na'urar ta leƙa waje, ta tarar da alƙaluman Kance da ya loda tun farko da sunan, ta ɗauko. Ko me ka miƙa mata, Kance take zanawa.

Na nuna masa da yatsa. Ko kallon wurin bai yi ba.

“Yaya,” in ji shi, “in da kuskure ai da ta fito da jan rubutu. Ke tsohon yayi kika koya.”

Da shef ya fara tambaya, sai ya ce cuta ce ta shiga ordinater. Ya ɗauke ta ya hau mota zuwa Damagaram, mai gyara ya wanke ta tas. Da ya dawo ya kunna, alƙaluman Kance da ke zaune a waje sun tafi, sai ga jan rubutun da yake nema: ba a sami “zurfi” ba. Na ce to, yanzu na'urar da kanta ta faɗa masa. Ina! Sai ya shiga zagin mai gyara, wai ya lalata masa aiki. Ya yi ta dannawa har ya sake loda Kance da tsohon sunan, zanuka uku suka dawo iri ɗaya, ya buga tebur.

“Ta warke!”

Na jira ya fita sallar azahar. Kalma ɗaya na goge na rubuta wata. Layin Dawce ya gangara ƙasa, na Yauri ya yi nasa kwanan. Da ya dawo ya tsaya yana kallo, sannan ya fitar da zanukan a takarda, ya kwashe su ya nufi ofishin shef. Ta bango ina jin sa yana bayanin yadda ya gano matsalar da zurfin bincike.

Da yamma ƙanwata ta aiko mini da dambun zogale, da saƙon godiya wai ina haƙuri da koyon sabon aiki a wurin maigidanta. Dambun ya yi daɗi, na cinye. Washegari na roƙi shef a mayar da teburina ɗakin ajiyar iri, na ce fanka ce ke sa mini mura.