Tukunyar da Ba Ta San Nama Ba

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa muka gyara ɗakin saman bene na gidanmu da ke Fagge don mu sa ɗan haya, tunda yara duk sun watse, saura ni da Malam muna kallon juna. Na gaya wa dillali ƙarara cewa ba na son gwauro, ba na son mai kiɗa, ba na son mai tara baƙi. Sai ga shi wata Asabar da hantsi ya shigo min da wata yarinya siririya, gashi har gadon baya, tana jan akwatin da ya kusa fin ta nauyi. Wai 'yar Indiya ce, karatun likita ta zo yi.

Na ce da ita, "Ikon Allah. Mu muna sayar da gona mu kai marasa lafiyarmu ƙasarku, ke kuma kin tsallako nan neman ilimin likita?"

Ta yi dariya ta yi min bayani da Turanci, ni kuwa tsohuwar hedimastar firamare ce, Turancina bai gudu ba. A can masu neman gurbi sun yi yawa, makarantun gwamnati ba sa ɗaukar kowa, masu zaman kansu kuma sai wane da wane. Wani abokin babanta mai shagon kayan inji a Sabon Gari shi ya ce a turo ta Kano, da ɗan sauƙi. Uwarta ta cire awarwaron zinarenta ta sayar aka haɗa kuɗin jirgi. Tun daga ranar nake ce mata Likita don tsokana. Ita kuma ta fara da Hajiya, kafin wata ya ƙare ta koma Inna, don ta ji haka yaran unguwa ke kira na.

Ban taɓa ganin mai haya irinta ba. Da sassafe ta sauko da farar rigarta a ninke a hannu, ta rusuna ta gaishe mu, ta tari adaidaita zuwa Bata, daga can ta sake wani. Da yamma ta dawo ta zauna kusa da ni tana gwada Hausar da za ta yi wa marasa lafiya. "Inna, ina ke miki ciwo?" Ni kuma in ce ko'ina, tun daga gwiwa har aljihu. In an ɗauke wuta sai ta sauko tsakar gida da littafinta mai hoton hanjin mutum, ta shimfiɗa a kan tabarmata, in ce ta rufa min asiri ta juya shi, abinci nake ci.

Da farko takan je wani shago na mutanensu a Sabon Gari ta sayo wani ɗan mitsitsin wake ja da garin alkama da kayan yaji, ƙamshi ya cika gidan har Malam ya riƙa atishawa. To, kun dai san yadda kaya suka yi tashin gwauron zabo da man fetur ya hau. Kayan shagon nan daga waje ake kawo su, farashinsu ya zama sai kallo. Kuɗin adaidaita ya ninka. Gas ɗinta ya ƙare, na ga tukunyar gas ɗin ta daɗe a bakin ƙofa ba a kai ta ɗuri ba. Ƙamshin nan ya ɗauke daga gidan. Ya zama shayi da burodi da safe, shayi da biskit da yamma, agogon hannunta har zamewa yake yi zuwa tsakiyar dantse.

Ni fa na rene yara, na san yunwa in na gan ta. Na kuma lura ko tsire ba ta taɓa shigowa da shi ba, in mai nama ya yi sallama sai ta haye sama. Nan take na yanke hukunci: babu ce, da kunya. Duk abin da na sani game da Indiya a silima na gani tun ina budurwa, kuma a can rawa suke yi, ban taɓa lura da abin da ke cikin kwanonsu ba. Don haka na yi mata yadda ake yi wa baƙo mai kunya a gidanmu tun zamanin kakata da ta zo daga Borno. In na zuba tuwo ko shinkafa, sai in zaɓi tsoka mai kyau in binne ta a can ƙasa, don kada ta buɗe a gabana ta ji nauyi. Kullum kwanon yakan dawo a wanke tas, da 'yar alewa ko ɗan sukari a ciki, don wai a wajensu ba a mayar da kwano wayam. Ina ta jin daɗi ina gaya wa Malam yarinyar nan akwai ci, jikin ne kawai ba ya nunawa.

Wata Laraba da rana sai ga 'yan ajinsu sun kawo ta a adaidaita, an riƙo ta. A tsaye ta yanke jiki ta faɗi suna zagayen duba marasa lafiya. An auna, an ce jininta ya yi ƙasa sosai, ba ta samun abinci. Da suka tafi na hau sama da gwiwar nan tawa, na zauna a bakin katifarta, raina a ɓace.

Na ce, "Likita, abincin da nake aiko miki, ina yake zuwa?"

Ta sunkuyar da kai. Ashe juye shi take yi a leda ta kai wa masu jinya da ke kwana a barandar asibiti. Wallahi na ji haushi. Na ce ƙyanƙyamina take yi ke nan? Sai ta kama hannuna tana kuka, ta ce tunda aka haife ta nama bai taɓa shiga bakinta ba, haka kifi, haka ƙwai, haka uwarta da kakarta. Ba tsada ba ce, addini ne da tarbiyya. Ta kasa faɗa min ne don ta ga yadda nake murna in na miƙo kwanon.

Na ce, "To ai da kin yi magana sai in riƙa tsame miki naman."

Ta ce, "Inna, romon ma nama ne. Tukunyar ma ta sha shi."

Gidana kaf babu tukunya ɗaya da ba ta taɓa ganin nama ba. Tausayinta ya kama ni, ga yarinya a ƙasar mutane, abinci na zuwa mata har ɗaki tana kwana da yunwa don kada ta ɓata min rai.

Labari ya kai gida. Da yammar nan na ji muryar uwar ta waya, ba na jin yarensu amma faɗan uwa ko da wane yare ne na gane shi. Likita ta sauko idanu jajir ta ce an ce ta tattara ta koma. Uwar ta ce gara 'ya mai rai ba takarda da takarda ba 'ya, kuma da kanta za ta zo ta tafi da ita da zarar an sami biza. Karatun da aka ci rabinsa, da awarwaron da aka sayar, duk za su tafi a banza.

Washegari na yafa mayafi na shiga kasuwar Sabon Gari. Na sayi sabuwar tukunya, da ludayi, da muciya, da wuƙa, da soson wanke-wanke, har da sabuwar tanda ta suyar waina. Mai kayan ya tambaye ni ko aurar da 'ya zan yi, na ce ya ƙulla min kaya ya bar bincike. Na share ɗan sitonmu na gefen matakala, na wanke shi, na sa risho, na ce duk wanda ya shigar da ko ƙashin kifi cikin ɗakin nan zai gamu da ni.

Sai ga shi ashe rabin abincinmu nata ne ba mu sani ba. Wake da shinkafa da mangyaɗa da yaji. Ɗanwake. Ƙosai da kunun gyaɗa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Gurasa, wadda ta ce 'yar'uwar burodinsu ce. Kindirmo kuwa a kan shinkafa take zuba shi ta sa gishiri, abin da har yau ban yafe mata ba. Daddawa ce kawai muka yi rigima a kanta, ta rantse wani abu ne ya mutu a ciki, sai da na kai ta ta ga kalwa da idonta. Dunƙulen miya ma sai ta karanta jikin takardar ta ce wannan da kaza, wannan babu. Duk kayan nan a bakin layinmu ake sayar da su da arha, ba sai an je shagon mutanensu ba. Maƙwabta suna ta yi min tsiya wai Hajiya ta koma cin ganye da tsufanta. Malam dai cewa ya yi amana ce Allah ya kawo mana har gida, sannan ya miƙo kwano a ƙara masa kwaɗon. Kumatun yarinya suka fara dawowa. Amma uwar ta ce hoto ba ya gaya mata komai, tana nan zuwa.

Kuma ba ta tashi sauka Kano ba sai washegarin Babbar Sallah. Ku duba min wannan lokaci. Tsakar gidana igiya ce ta ko'ina an rataye nama, ga kan rago ana babbaka, ga mai yana tafasa a kasko, jikoki kowa da tsoka a hannu. Na ce da Malam mu kwashe komai mu kai gidan ƙanwata kafin su iso. Ya ce a'a, layya ibadarmu ce, ba za mu ɓoye ta ba, ta gan mu yadda muke.

Ta shigo, 'yar gajeruwar mace mai furfura, sanye da sari, dogon zanen nan da matansu ke naɗawa, hannayenta ba ko awarwaro ɗaya. Bayanta direba na jan wani ƙaton akwati da ganin yadda yake tsalle ka san ba komai a ciki, na kwashe kayan 'yarta ne. Tana ganin igiyoyin nan ta ja gefen sarinta ta toshe hanci, ta dubi 'yar, ta faɗi wata gajeruwar magana. Ban nemi fassara ba. Na ce a raina shi ke nan, an tafi da Likita.

Likita ta riga ta gaya min uwarta ba ta cin girkin kowa, da guzurinta take tafiya ko gidan dangi za ta. Duk da haka na jiƙa shinkafa tun jiya na kai niƙa, ƙullun ya kwana ya tashi. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, tunda ba ma jin juna. Na kwance ɗan makullin da na ɗaure a haɓar zanina tun jajibere, na buɗe siton, na matsa gefe.

Ta shiga tana duba kaya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sayen kayan ɗakin amarya. Ta ɗaga tukunyar ta shinshina cikinta. Ta shinshina muciyar, har soson bai tsira ba. Da can ne da na ce wa mutum ya fita min daga ɗaki, amma na haɗiye, don ni ma da 'yata ce haka zan yi. Sai idonta ya faɗa kan tandar. Ta tsaya. Ta sa yatsa tana shafa ramukan, ta juyo ta yi wa 'yarta tambaya da sauri.

Likita ta ce, "Inna, wai a ina kika samo wannan? Irinta ce sak a gidan kakata. Mu ma da ƙullun shinkafa muke yi, ya kwana ya yi tsami."

Na ce, "Gaya mata a nan kasuwa na saya, kuma tun kafin a haife ta muke cin waina."

Ban san yadda ta fassara ba, na dai ga bakin uwar ya motsa. Na kunna risho, na ɗiga mai, na zuba ƙullu. Da na zo juyawa sai ta yi tsaki irin nasu, ta karɓe cokalin daga hannuna, wai na yi gaggawa, gefen bai yi ja ba. Ni da nake suyar waina tun ina 'yar yarinya, yau ake gyara min a cikin gidana. Na ƙyale ta. Muka tsuguna mu biyu a ɗan siton nan, ni ina zubawa tana juyawa, hayaƙin babbaka na shigowa ta ƙasan ƙofa. Da ta kwashe ta farko ta riƙe ta tana hurawa, ta daɗe tana kallonta. Likita na tsaye a bakin ƙofa tana kallonmu. Sannan uwar ta gutsura ta kai baki. Ta tauna, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta miƙa hannu ta ɗauki ta biyu.

Ba a sake tayar da maganar tafiya ba, a gabana dai. Ta yi 'yan kwanaki tana koya min yadda ake soya kayan yaji a mai kafin a zuba wake, ni ina koya mata ɗanwake, muna faɗa da hannu. Ranar da za ta koma ta sauko da ƙaramar jakarta kaɗai. Na nuna mata ƙaton akwatin da ke jingine a ƙarƙashin matakala, na ce ta yi mantuwa. Ta girgiza kai. Ta kamo hannun 'yarta ta sa a cikin nawa, ta haɗa ta matse da nata hannayen marasa awarwaro, ta faɗi kalmar Hausa ɗaya tak da ta koya a zamanta, ta ce, "Inna." Ni da ba na kuka a gaban mutane, ranar sai da na ja mayafi na rufe fuska.

Akwatin ya zauna a nan yana shan ƙura har Likita ta gama, a cikinsa ta kwashe littattafanta. Yanzu tana aiki a wani asibiti a garinsu, takan kira ta tambaye ni ina ke min ciwo. Tukunyar tana nan a rataye a siton. Sallar bana da girki ya yi yawa, surukata ta miƙa hannu za ta sauke ta don farfesu, na ce ta mayar da ita inda ta gan ta, ta je maƙwabta ta aro wata.