Na Kai 'Yata Damagaram a Duba Bakinta

Mun tashi daga Matameye ana sallame sallar asuba, ni da 'yata ta fari da ƙanen mijina, don maigidan yana cirani a Kano. Shekarunta goma sha huɗu, amma tsawonta na 'yar bakwai ne. Haƙoran nono ba su zube ba, sun ruɓe, haɓarta ƙarama, harshe ya cika mata baki. A bana, da gero ya ƙone, jar dawar taimako muke dafawa, ita kuma ba ta iya taunawa. Ina ji ina gani tana ramewa, shi ya sa na ɗaura niyyar kai ta asibiti a Damagaram.

Tsohuwar fijo muka shiga, wadda sai an tura take tashi. Daga Kance har Takeita gonaki fayau, kara bai kai gwiwa ba. A shingen Takeita wani soja ya karɓi takardar haihuwarta, ya dube ta, ya dube ni.

Ya ce, "Baiwar Allah, takardar yayarta kika ɗauko?"

Yarinyar da ba ta magana da baƙi ta ce, "Tawa ce." Ya miƙa mata da hannu biyu, motar ta ɗauki dariya.

Kwana uku muka yi muna layi a babban asibiti kafin mu ga likita, wata mace mai haƙuri. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton muƙamuƙi. Ta ɗaga hoton a taga ta ce, "Kin gan su? Manyan haƙoranta duk suna nan ƙarƙashin dasashi, jira suke yi."

Na zauna a ƙasa ina kallon hoton.

Ta yi min bayani cewa akwai wata 'yar tsoka a wuya mai fitar da sinadarin girma, ta 'yata ba ta fitar da isasshe. Da ta ji mijina ɗan baffana ne, ta ce gado ne daga mu biyun, ba laifin kowa ba. Aka cire ruɓaɓɓun haƙora huɗu, aka ba ta ƙwaya ɗaya kowace safiya har abada. Ba ta ɓoye min ba cewa tsawon ba lallai ya cika ba.

Wata guda muka yi a gidan gwaggona. Ranar da za mu dawo, a tasha, 'yata ta cinye ƙosai biyar ta nemi ƙari.

Mun iso gida da la'asar. Surukata, wadda ta daɗe tana cewa nonona ne ba shi da kyau, ta ɗaga hoton a rana tana ƙirga haƙoran jikarta da yatsa, sannan ta dube ni ta ce, "Sannu da hanya, 'yata."

Tafiyar ta koya min cewa amsar da na yi shekaru ina nema da kuka tana nan kusa, tafiyar rabin yini ce.