Tuwon Kowa, Miyar Kwanona

A shekarar da aka cire tallafin mai, na ajiye babur na koma zuwa gona a ƙafa, sai na lura ba na kaiwa bakin rafi ban tsaya haki sau uku ba. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A asibiti aka ce hawan jini ya taɓa mani zuciya, aka rubuta magani.

Daga ƙauyenmu na ƙasar Kusada nake zuwa Kankia in saya a wani kemis. Mai shi ya yi karatun harhaɗa magunguna. Ina ce mashi Likita, yana cewa shi ba likita ba ne, har ya gaji ya bari. Duk zuwa sai ya gwada jinina. Shi ya ce in rage gishiri da magi da kanwa, in bar goro, in ci gaba da tafiyar ƙafa a hankali. Da ya ji ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ya ce in riƙa rubuta abin da na ci.

Maiɗakina ta fara ɗebe mani miya kafin ta sa gishiri. Ni kuma kullum in rubuta: tuwo da miyar kuka, ba gishiri. Wata biyu jinin bai sauka ba.

Mai kemis ya duba littafin da nake rubutawa, ya dube ni. "Malam, kai kaɗai kake ci?"

"Ni kaɗai sai ka ce maye? Mu shida ne."

Muna ciyayya tun zamanin iyayenmu. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gidan babbanmu, a ci wannan a janyo wancan. Ban taɓa rubuta na maƙwabta ba, don ni a ganina abincina shi ne na gidana.

Da na yi wa mai kemis wannan bayani, ya yi dariya har da dafa tebur. "Wato kwano ɗaya ba gishiri, biyar da gishiri!"

Na zaci zai ce in bar ciyayya, kuma a wurinmu wanda ya janye kwanonsa gaba ya ƙulla.

"Kar ka bari," in ji shi. "Zaman kaɗaici ma ba ya yi wa zuciya daɗi. Ka ci tuwon kowa, amma miyar kwanonka."

Ya rubuta mani haka a takarda da manyan baƙaƙe.

Ranar farko babbanmu ya ga na gutsuri tuwonsa na kai wata miya. Ya tsame hannu.

"Miyar gidana ce ka raina?"

"Wane ni, Yaya. Likita ne ya hana."

"Wane likita? Mai kanti?"

Na ciro takardar na karanta masu da kaina, ina bin ta da yatsa. Wani abokin wasana ya lakaci miyata ya ɓata fuska. "Wannan ko akuya sai an roƙe ta. Ashe boko miya yake fara kashewa!"

Kowa ya yi dariya ban da babbanmu. Kwana tara yana ture kwanonsa nesa da hannuna, ko gaisuwata ba ya amsawa. Ni dai kullum ina fitowa da nawa. Rana ta goma ya turo shi gabana ba tare da ya dube ni ba.

"Ci. Na ce su zuba miyar daban."

Jinin ya sauka a hankali, kumburin ya saɓe. Yanzu ina kaiwa gona ban tsaya ba, in dai ban yi sauri ba. Har gobe ina shan magani, kuma littafin na uku nake ciki.

Abin da na rasa ba shi da yawa: goro, wake da kanwa, miyar gidaje biyar, da kwana tara na gaisuwar babbanmu.