Ranar da Na Rabar da Katifata a Riruwai

A farkon shekarun tamanin aka tura ni Riruwai aikin malamin dabbobi. Ni mutumin Bebeji ne, kuma kafin nan ko Tudun Wada ban taɓa wucewa ba. Na bar mahaifiyata, wadda idonta ya fara yin yana, na bar matata tana kula da ita, ga jaririya a goye. Tsohuwa ta ce ba inda za ta, a ɗakin da mijinta ya bar ta za a ɗauki gawarta. Hanya kuwa, in damina ta kankama, sai mutum ya yi wata da watanni bai leƙa gida ba. Haka yarinyar nan ta yi zama, ta yi rarrafe, ta miƙe da ƙafarta, ta fara magana, duk a bakin direbobi nake jin labari. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ba abin da nake so a duniya irin a mayar da ni kusa da gida.

Da zaɓe ya matso, sai wani ɗan garinmu ya fito takarar majalisa, mazaɓarsa ta taso tun daga wajenmu ta gangaro har duwatsun Riruwai. Tare suka yi firamare da yayana. Ran da ya zo yawon neman ƙuri'a na kutsa cikin taro, na kama hannunsa, na zayyana masa damuwata. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, in Allah ya ba mu, kai da Riruwai sai dai ziyara." Daga baya na gane kafaɗu da yawa ya dafa ran nan, amma a lokacin ji na yi kamar ni kaɗai ya zo gani.

Tun daga ranar na zama masanin siyasa. Ni da ilimina bai wuce kaska da ciwon hanta ba, sai ga ni kullum a teburin mai shayin bakin tasha, inda rediyon unguwa yake, ina raba ƙasa da cokali. Bebeji tamu ce, Kiru tamu ce, Tudun Wada a yi raba-daidai. Rugagen Doguwa kuwa a aljihuna suke, tunda babu saniyar da ba ta san allurata ba. Na manta shanun ba su da katin zaɓe.

Aka jefa ƙuri'a aka watse. Sakamako a zamanin nan ba ya zuwa gaba ɗaya, ɗigowa yake kamar rufin da ke yoyo. Washegari da la'asar rediyo ya fara karanto na garuruwan da ke kusa da birni. Bebeji: mutuminmu ya share. Yako: ya share. Sauran ƙauyukan Kiru ma haka, tazarar har ta ba ni tausayin abokin takararsa. Na miƙe tsaye na ce wa mutanen teburin, "Jama'a, magana ta ƙare. Wanda bai gane ba ya zo in yi masa bayani."

Ba wanda ya zo. Ni kuwa na nufi gida, domin na riga na yanke cewa mutumin da zai koma garinsu cikin daraja ba ya jan tarkace a bayan mota. Gidan da nake haya na wani tsohon mahaƙin kuza ne, muna ce masa Baba, matarsa kuma Iya. Na ɗauki rishona na kai wa Iya. Ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Iya, tafiya ce ta zo." Kajina na raba wa maƙwabta. Fitilata na ba ladan. Katifa na naɗe na ɗora a ka na kai wa mai shayi, wanda na san a kan benci yake kwana.

Baba yana zaune a zaure yana kallon kaya suna fita ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ɗana, an gama ƙirgar ne?"

Na ce, "Baba, saura ƙarashe. Mu da muka san kan abin, mun riga mun gani."

Ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Bayan magariba na shiga bin gida gida ina bankwana da neman gafara, kamar mai tafiya Makka. Har wurin mahaucin da na taɓa hana shi sayar da naman saniya mai ciwo na je, mutumin da ko gaisawa ba ma yi. Na ce mu yafi juna. Ya yafe da sauri, har da rakiya. Duk garin ban ga wanda ya yi murna da tafiyata kamarsa ba.

A tasha na sami wani direba ɗan Kiru, ya gama lodin masara zai kama hanyar Kano, kuma ta Bebeji yake bi. Shi ne mai kawo mini labarin gida. Na ce ya tsaya ya gaya musu ina nan tafe ranar Laraba, kuma zuwan ke nan. Ya ce, "Malam, da ka bari an gama mana." Na ce shi dai ya riƙe sitiyari ya bar wa masu siyasa siyasa. Ya ja motarsa ya tafi.

Da aka idar da sallar isha na koma teburin shayi in ƙarasa jin daɗina. Rediyo ya gama kiɗe-kiɗensa ya karanto Tudun Wada. Tazarar nan da nake tausaya wa mutum a kanta ta zaizaye, saura kaɗan. Na gyara zama na ce, "Akwatunan cikin gari ne, 'yan kasuwa ba su da alƙibla. Ku jira ƙauyuka." Ƙauyuka suka zo, gara ma cikin garin. Na ce, "Ku jira rugage." Wannan karon muryata ba ta kai ƙarshen teburin ba. Mai shayi ya zuba mini wani kofin ban tambaya ba, ya kau da kai. Na tashi na koma ɗakin da babu komai sai akwatina, na shimfiɗa babbar rigata a ƙasa. Sauro ya sha biki.

Da safe rugagen suka iso. Na Doguwa suka juya wa mutuminmu baya gaba ɗaya, abokin takararsa ya wuce shi ya yi gaba. Ina tsaye da buta a hannu na ji sanarwar ta kan katangar maƙwabta.

Kafin hantsi sai ga Arɗo, shugaban rugar da na fi zuwa, ya zo kirana in duba masa maraƙi. Na ce, "Haba Arɗo! Ba kai ka ce mini kuna tare da mu ba?"

Ya ce, "Malam, ka zo gidana, ka sha nonon shanuna, ka roƙe ni abu a gaban 'ya'yana. In ce maka a'a? Wancan ma da ya zo, haka na ce masa. Sai dai shi da ƙafarsa ya tako laka ya zo mana gaisuwar mutuwa. Naku, inda hanya ta lalace motarsa ta tsaya, lasifika ya aiko mana." Ya gyara sandarsa a kafaɗa ya ce, "Maraƙin fa ba ya cin ciyawa."

Na ɗauki jakar allura na bi shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su, amma mutanen Riruwai ba su bari na manta ba. Duk inda na gifta sai a ce, "A'a, Malam, har ka dawo? Ya mutanen gida?" Mahauci ya tare ni ya ce yafiyarsa tana nan, bai janye ba, amma in wata tafiyar ta taso in sanar da shi da wuri. Iya ta maido mini risho da hannunta, ni kuma girman kai ya sa na ce kyauta ce, ba a mayarwa. Ta ce to, ta koma da abinta. Mai shayi ya fi ta dabara. Ya ce ba zai maido mini katifa ba, tunda tasa ce, amma zai ba ni aronta har in sami wata. Haka na ɗauko katifata a ka, aro, na ratsa tasha da ita ana yi mini sannu.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke hana ni barci shi ne saƙon da na aika gida. Na yi ta fatan direban nan ya manta, ko ya wuce Bebeji da gudu. Ran Alhamis na hango motarsa ta shigo tasha, na je na tsaya har ya sauko.

Bai manta ba. Ya ce ya isar da saƙo tun a tafiya. A dawowa kuma, jiya Laraba, ya tsaya ya ga ko na iso. Matata ta ji sakamako a rediyo, ta san babu zancen zuwa, amma tsohuwa ta ce ɗanta ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Ta sa aka yi wa yarinyar wanka tun da sassafe, aka sa mata kwalli da kayan sallarta, aka zaunar da ita a ƙofar zaure, aka ce babanta yana zuwa a mota.

Ya ce, "Malam, ina saukowa ta taso da gudu ta rungume ƙafata, tana cewa Baba ya zo. Wallahi na kasa ce mata ba ni ba ne. Ɗaukar ta na yi."

Na daɗe ina kallon tayar motar. Sannan na tambaye shi ko ta yi nauyi.

Ya ce ta yi.