Ranar da Fiuna Ta Ci Aladen Kakanni

Maesua maƙwabcina ne tun muna yara a tudun tsibirin Malaita. Ranar da aka yi rabon tsoro, mu da tafin hannu muka je, shi kuwa da kwando. Ƙadangare ya gifta gabansa, sai ya tsaya yana tunanin wane kaka ne ya aiko shi. Na sha ɓuya cikin gonar gwaza in yi masa tari irin na tsofaffi, ya yar da lofensa ya ranta a na kare. Har muka yi furfura ban daina ba.

Ba duka ne laifinsa ba. Ubansa ne mai yi wa kakanninmu matattu yanka, da ya mutu aikin ya faɗo kan Maesua. Ya keɓe wa uban nasa alade guda, ya tsaga masa kunne, ya sa masa sunan tsohon. Sai aladen ya ƙoshi Maesua yake kai dankali baki. Mace ba ta taɓa shi, balle ta san ɗanɗanon namansa.

Matarsa Fiuna ta haifa masa 'ya'ya uku, duka suka koma tun ba su yi wayo ba. Duk wanda aka binne sai a yi duba, duban kuwa kullum kanta yake faɗawa: ko ta bi ta gefen tudu sama da ɗakin maza, ko ta taɓa goran ruwan mijin a lokacin da bai kamata ba. Maesua bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Abin da yake cewa kawai, "Ki riƙa kula, Fiuna." Ni dai a ganina da dukan ya yi mata da ya fi sauƙi.

'Yan mishan sun daɗe a bakin teku. Sukan hawo mana da allura da waƙa, mu karɓi allurar mu bar musu waƙarsu. Amma shekarar da farkawar addini ta zo, abin ya sha bamban. Wani Fasto Yowel, ɗan ƙasarmu ne, ya hawo ya kafa rumfar addu'a. Ana cikin waƙa sai ka ga ƙato ya zube yana kuka, yana tona asirin kansa ba wanda ya tambaye shi. Dariya na je yi, na dawo ban yi ta ba. Maesua kuwa a gabana ya faɗi rub da ciki yana kiran Yesu, har sai da aka ɗauke shi.

Da ya farfaɗo, Fasto ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba Maesua, saura aladen. Ranar Asabar a yanka, a ci, maza da mata, a ganye ɗaya. Kowa ya ga wa ke da iko."

Washegari sai ga Maesua a ƙofata, ido ya faɗa.

"Ɗan'uwa, na ba ka aladen kyauta."

"Ka ba ni ubanka? In kai shi ina? Nawa uban ma da ƙyar muka rabu lafiya."

"To in sake shi a daji."

"Ya dawo da yamma yana faɗa a ba shi abinci, kamar yadda tsohon ya saba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ilabae, ba ni kakanni za su ɗauka ba. Fiuna za su ɗauka. Ita kaɗai ta rage mini."



Asabar ta zo. Maesua ya kasa riƙe wuƙar, samarin Fasto ne suka yi aikin. Aladen ya yi wani irin ihu da ya sa mata suka kwashe yaransu suka ja baya. Aka gasa shi a duwatsu masu zafi, aka buɗe ganye, ƙamshi ya cika gari. A wata rana da sai an riƙe ni. Ranar nan ko yawu babu a bakina. Fasto ya yi addu'a, ya ce amin, ya duba ya ga ba wanda ya motsa, sai ya sake jan wata addu'ar. Shi ma kakansa ɗan tudu ne, na ga zufa tana bin wuyansa.

Na ce, "Fasto, babba ne ke fara sa hannu."

Ya ce, "Mai surutu ma yana iya farawa."

Muna wannan ja-in-ja sai Fiuna ta tashi daga cikin mata. Ta hawo ta gefen da mace ba ta taɓa bi ba, ta durƙusa gaban naman. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka kamar an riga an yi mutuwar.

Maesua ya ce, "Fiuna, don Allah. Bari wata ta fara."

"Wace? Ni aka ce na kashe 'ya'ya uku."

"Ban taɓa cewa haka ba."

"Ka ce in riƙa kula." Ta yago tsoka mai kitse, man yana ɗiga a ƙasa. "Maigida, idan sun ɗauke ni, to ni ce, ka huta na huta. Idan ba su ɗauke ni ba, kada in ƙara jin maganar nan har in mutu."

Ta kai baki ta gatsa. Ko tsuntsu ban ji ya yi kuka ba. Sai Maesua, mutumin da tarina ke kora, ya yi tsalle ya fizge ragowar daga hannunta, ya cusa a baki. Mace ta ci ya ci saura, abin da a wurinmu ya fi kowane laifi. Yana tauna yana kuka yana cewa, "Baba, in za ka ɗauka, mu biyu ne." Daga nan Fasto ya ci, wasu suka bi. Ni ma na ci.

Kafin rana ta faɗi cikin Fiuna ya murɗa. Ta kwanta tana amai tana nishi. Garin ya rabu biyu: masu addu'a sun kewaye ɗakin, waɗanda ba su tuba ba sun tsaya nesa suna cewa dama sun faɗa. Na ce musu cikin da bai saba da kitse ba ne, an ba shi a rana ɗaya dole ya yi gardama. Ba wanda ya saurare ni, ni kaina ban yarda da kaina ba. Maesua ya zauna a bakin ƙofa, ya ƙi ci ya ƙi sha. Duk ganyen da ya motsa sai ya zabura ya ce, "Ga su nan." Haka muka yi kwanaki, ba mai zuwa gona, kowa yana jira ya ji ko kakanni ne za su yi magana ko Yesu.

Wata safiya ina ɗibar ruwa sai na gan ta ta fito tana dafa bango, ta rame, ta ce a gasa mata gwaza. Masu addu'a suka ɓarke da waƙa. Ita ko kallonsu ba ta yi ba, mijinta take kallo.

Maesua ya rarrafa ya kama ƙafarta, ya ce, "Ba ke ba ce, Fiuna. Ashe ba ke ba ce."

Ta ce, "To wane ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juya wajen Fasto, shi ma ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ne masani. Sai ta zauna a ƙasa ta fara kiran sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, tana kuka da ƙarfi, irin kukan da ba a bar ta ta yi ba lokacin binne su. Waƙar ta mutu a bakin mutane. Maesua ya zauna kusa da ita a gefen mata, yana taya ta kiran sunayen.