Takardar Hakimi a Layin Awon Ƙirji

Ni tela ne a Kazaure, shagona bai fi taku hamsin daga ofishin 'yan sanda ba, kuma rabin cinikina nasu ne. In an raba musu kaki daga sama, ko dai ya yi wa mutum buhu ko ya ƙi shiga, sai su kawo min in rage ko in buɗa. In an ƙara wa wani girma, ni nake ɗinka masa igiya a hannun riga, biyu ta kofur, uku ta saje. Masu anini a kafaɗa ba sa zuwa da ƙafarsu, aike suke yi. Na auna ƙirjin 'yan sanda ban san iyaka ba, da yawansu kuwa nawa ya fi nasu faɗi. Ba na faɗa musu. In zagaya tef, in rubuta lamba, shi ke nan.

Mahaifina ɗan doka ne. Yaran yanzu ba su san bambancin ba, su a wurinsu duk mai kaki ɗan sanda ne. A da iri biyu ne. Akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda sai a birni ake ganinsu, akwai kuma 'yan doka na En'e, wato hukumar gargajiya, waɗanda suke ƙarƙashin sarki da hakimansa. Baba a ƙasarmu ta Roni ya yi aiki, ya ɗan taɓa Gwiwa. Yadda aka ɗauke shi ba wani abu ba ne mai tsawo: kakana ya kai shi gaban hakimi, hakimi ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi gidansu, aka rubuta takarda zuwa Kazaure. Da soja suka karɓi mulki suka ce a haɗe kowa ya zama runduna ɗaya ta ƙasa, umarni ya riƙa zuwa daga can sama, sai aka tace 'yan doka. Masu ɗan boko suka wuce, aka sallami irin su Baba. Ya dawo gida da bel ɗinsa na fata da usur, ya koma gona.

Bai taɓa yarda cewa abin ya ƙare ba. In ya ga an turo sabon ɗan sanda wanda ko gaisuwarmu bai iya ba, sai ya ce, "Wanda bai san uban ɓarawo ba, a ina zai kama ɓarawo?" Ni kuwa tun ina ƙarami ya ajiye ni don wannan aiki. Sakandare da ƙyar na ƙarasa ta, amma takardar tana nan, za ta shiga.

Shekarar da aka yi sanarwar ɗaukar sababbi a rediyo, shekaruna suna bakin iyaka. In na rasa wannan, kafin a sake ɗauka na wuce. Aka ce kowa ya tafi Dutse a tantance shi. Baba ya ce ba inda za mu sai da takardar hakimi.

Muka je muka faɗi muka yi gaisuwa. Hakimin dattijo ne mai gaskiya, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce wa Baba, "Malam, ai wannan aiki ya daɗe da barin hannunmu. Ko baturen 'yan sandan da ke garin nan, ba ni na kawo shi ba, ba kuma ni zan ɗauke shi ba. Shi yana jin na jiha, na jiha yana jin na Abuja."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, hannun da ya ɗauke ni shi zai ɗauke shi."

Hakimi ya yi murmushi, ya sa magatakardansa ya rubuta cewa ni ɗan gidan mutunci ne, ba a taɓa kawo ƙarata ba. Aka buga hatimi. Baba ya naɗe ta a leda da kansa, ya ce in na isa gaban babbansu in tsuguna in miƙa da hannu biyu.

Tare muka tafi, daga Roni zuwa Kazaure, zuwa Kano, sannan Dutse. Sai a mota na lura ya ɗaura tsohon bel ɗin a ƙarƙashin babbar rigarsa.

A filin aka jera mu ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, mu 'yan Roni tsakanin na Kazaure da na Babura, kowa ba riga, daga shi sai gajeren wando. Iyaye suna can bayan wayar shinge. Wani saje baƙi mai ƙaton ciki ya bi layi yana magana da Hausa rangaɗaɗau, don kada wani ya ce bai ji ba.

"Duk wanda ya zo da takardar wani babban mutum, ya kai wa kakarsa ta naɗe daddawa. Nan ba fada ba ce. Ka fito da ita, ka bi ƙofa."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don tawa tana soke a ƙugun wandona.

Aka auna tsawona, na wuce. Sajen ya zagaya tef a ƙirjina, ya ga faɗinsa, ya ce, "Kai, da me aka yaye ka? Da gayan tuwon dawa? Wuce, ɗan samari." Aka duba ƙafafuna, ba gwame, aka duba idona da haƙorana. Saura abu ɗaya, tebur ɗin da wani mai anini yake zaune yana duba takardun makaranta yana rubuta sunan wanda ya tsallake. Mutum uku ne a gabana.

Sai na waiwaya. Baba yana riƙe da waya da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna ƙugunsa, yana ɗaga min gira. Daga inda yake ba zai ji abin da saje ya faɗa ba. Ni na ji. Ba zan yi wa kaina ƙarya a kan wannan ba, na ji sarai, kuma na gane. Amma tun da nake ban taɓa ƙin maganarsa yana kallona ba, na kuma san tun ranar da aka sallame shi yake jiran wannan miƙa takarda. Da layi ya zo kaina, na ajiye ta makaranta a tebur, na zaro ledar, na tsuguna, na miƙa da hannu biyu.

Mai aninin mutumin kudu ne, Hausarsa ta bariki. Bai yi tsawa ba. Ya buɗe ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Tashi. Ɗan sanda ba ya tsuguno." Na tashi. Ya ce, "Ka ji abin da saje ya faɗa?"

Na ce, "Na ji, yallaɓai."

"To me ya sa?"

Ya ninke ta yadda take, ya haɗa da ta makarantar ya miƙo min. Ya ce, "In na bar ka, duk na bayanka suna da nasu a wando." Ya kira na gaba. Na daɗe ina neman laifin mutumin nan, ban samu ba, wannan ma yana cikin abin da ke ci min rai.

Da na fito Baba ya tare ni. "Ya karɓa?"

"Ya karanta, Baba."

"To?"

Na ce, "Ƙirjina ne bai kai ba."

Ya tsaya yana kallon ƙirjin nawa, ni kuma ina ƙoƙarin sa riga da sauri. Can ya ce, "Na gidan uwarka ka ɗauko." A mota, bayan mun bar Kano, ya ce da ya sani da Kazaure muka je neman takardar, ta fada ta fi nauyi, da an yi min sassauci a awon.

Da aka sake ɗauka shekaruna sun wuce. Kawuna ya zaunar da ni a kan keken ɗinki. Baba ya rayu shekaru bayan haka, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ai har Dutse muka je, sun ga takardar hakimi sun girmama ta, ƙirji ne ya hana yaron." Ina zaune a gefe nake jin wannan, ban taɓa gyara masa ba.

A ciwon da bai tashi ba ya sa aka ɗauko bel ɗin ya ba ni. Ya ce, "Zai yi maka yawa, ka kai a ƙara masa huji." Bayan an yi sadakar bakwai na gwada shi. Ya yi min kaɗan, ko hujin farko bai kai ba.

Yana nan rataye a ƙusa a shagona. Kwanan baya wani kofur da aka turo daga Babura ya kawo riga, ya gan shi, ya ce, "Tela, wannan tsohon abu fa, na wane ne?"

Na ce na wani ɗan doka ne.

Ya ce, "Ɗan doka? Wane sashe ne wannan?"

Na ce, "Ɗaga hannunka in auna."